Shekara Biyar ɗin da Ke Tsakanin Mace da MBA

 

An nemi in yi magana a kan ƙarancin mata a karatun gaba da digiri na fannin kasuwanci, musamman digirin nan da kowa ya fi sani da MBA. Mafi yawan misalaina daga Amurka zan ɗauko su. A can aka haifi wannan digiri, a can aka yanka masa rigar da sauran duniya ta kwaikwaya, har da mu, kuma a can ne aka daɗe ana bin diddigin ɗalibansa da alƙaluma. In muka gane yadda abin yake a gidan da ya fito, za mu fi sanin abin da muka kinkimo.

Makarantar Tuck ta Kwalejin Dartmouth, wadda aka buɗe a 1900, ita ce ta fara ba da digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci. Jami'ar Harvard ta biyo baya da tata makarantar a 1908. Maza zalla ake ɗauka. Ita Harvard ta karɓi mata a karatun likita a 1945, ta karɓe su a karatun lauya a 1950, amma makarantar kasuwanci ta ci gaba da zama a kulle. Abin da aka yi wa mata shi ne wani kwas na daban a Kwalejin Radcliffe, wanda aka fara a 1937 don horar da masu kula da sha'anin ma'aikata, kuma takardar shaida ake bayarwa a ƙarshensa, ba digiri ba. A 1959 aka yarda waɗanda suka gama wancan kwas su shiga shekara ta biyu ta MBA. Sai a 1963 aka ɗauki mata tun daga shekarar farko: mata 8 a cikin maza 676. Ko ɗakin kwana ba a ba su a harabar makarantar ba. Daga ƙetaren kogin Charles suke tahowa kullum. Baƙar fata mace ta farko da ta karɓi wannan digiri a Harvard, Lillian Lincoln, a 1969 ta gama. A Faransa ma, makarantar INSEAD da aka kafa a 1957 sai da ta shekara goma kafin ta ɗauki mace.

Wannan tarihi kowa zai iya yin tir da shi, kuma ba shi ne ya kawo ni nan ba. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne abin da ya faru bayan an buɗe ƙofofin. Tun farkon shekarun 1980 mata suka zarce maza wajen karɓar digirin farko a Amurka. A 2016 suka haura rabin ɗaliban makarantun lauya. A 2017 suka haura rabin sababbin ɗaliban likita, a 2019 kuma suka haura rabin ɗaliban likita gaba ɗaya. To, MBA fa? Gidauniyar Forté, wadda aka kafa a 2001 don wannan matsala kaɗai, ta ƙirga mata a manyan makarantun da ke ƙarƙashinta a farkon shekarun 2000 ta tarar ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Bayan shekara ashirin ana ba da tallafin karatu, ana shirya taruka, ana zagaya jami'o'i ana zawarcin 'yan mata, adadin ya kai kashi 42 a 2023. Lokacin da makarantar Wharton, wadda aka kafa tun 1881, ta ɗauki ajin da mata suka kai kashi 52 a 2021, sai da jaridun duniya suka buga labarin. Ku lura kuma, waɗannan su ne makarantu masu ƙumbar susa, masu iya ba mace tallafi mai tsoka don ta zaɓe su ta bar wata makarantar. A irin MBA ɗin da ake shirya wa manyan ma'aikata masu karatu suna aiki, mata ba su wuce kusan ɗaya cikin uku ba.

Akan ce mata tsoron lissafi suke yi. Wanda ya san abin da ake sha kafin a zama likita ba zai tsaya sauraron wannan magana ba. Akan ce ba su da sha'awar kasuwanci. Amma a digirin farko na fannin kasuwanci a Amurka mata sun kusa rabi, kuma a digiri na biyu na aikin akanta da na tallata haja sukan kai rabi, wani lokaci su wuce. Makaranta ɗaya ce, malamai ɗaya, gini ɗaya. Ajin akanta ya cika da mata, ajin MBA da ke maƙwabtaka da shi ya kasa. Me ya raba su?

Abin da ya raba su, a fahimtata, shi ne sharaɗin ƙwarewar aiki. Ɗaliba tana gama digirin farko za ta iya zarcewa karatun likita, ko na lauya, ko digiri na biyu na akanta, tana 'yar shekara 22 ko 23. MBA kuwa sai an ce mata je ki yi aiki tukuna. A manyan makarantu, matsakaicin ɗalibi yakan zo da ƙwarewar aiki ta kusan shekara biyar, yana ɗan shekara 27 ko 28, ya gama yana dab da 30. Ba haka abin ya faro ba. A da ɗalibai da yawa daga digirin farko suke wucewa kai tsaye, a hankali makarantu suka koma fifita wanda ya taɓa aiki.

Ba na so a ɗauka sharaɗin shirme ne. Yana da dalili mai ƙarfi. Yadda ake koyarwa a Harvard da masu bin sahunta shi ne a miƙa wa ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, a ce kai ne shugaba, me za ka yi? Malami ba ya karanta darasi. Muhawara yake jagoranta tsakanin mutum kusan 90. Wanda bai taɓa zama a gaban ma'aikacin da za a sallama ba, bai taɓa ganin ƙarshen wata ya zo babu kuɗin albashi ba, ba shi da abin da zai zuba a irin wannan muhawara. Wannan gaskiya ne. Amma waɗanda suka tsayar da lokacin sun auna shi ne da rayuwar ɗalibin da suka saba gani, wato saurayi ko magidanci wanda wata ce za ta ɗauki ciki, wata ce za ta yi jego, kuma in makaranta tana wani gari, iyalinsa ne za su tattara su bi shi. Mace mai digiri a Amurka, wajen shekara 30 takan yi haihuwar fari. Wato an ɗora karatun a kan shekarun da take yanke shawarar aure da haihuwa, an ɗora biyan bashinsa a kan shekarun goyo. Abin ya yi kama da motar kasuwar ƙauye da ke tashi daidai lokacin da mata ke kan murhu: babu wanda ya hana su shiga, amma kullum ta isa kasuwa maza ne a ciki.

Sai batun kuɗi. Shekara biyu a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan, in an haɗa kuɗin makaranta da masauki da abinci, ya haura dala 200,000, ban da albashin shekara biyu da mutum ya bari. Ba a zuba irin wannan jari sai an yi lissafin abin da zai dawo. Kuma matan da muke magana a kansu sun iya lissafi.

Masana tattalin arziki uku, Marianne Bertrand da Claudia Goldin da Lawrence Katz, sun bi sawun waɗanda suka gama MBA a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Chicago daga 1990 zuwa 2006, suka wallafa sakamakon a 2010. A farkon fara aiki tazarar ba ta da yawa: mata na samun kusan dala 115,000 a shekara, maza kusan 130,000. Bayan shekara tara, mata na samun kusan 250,000, maza kusan 400,000. Da suka tono musabbabin, sai suka ga mafi girman kaso ya fito ne daga abu biyu: ɗan hutun da aka ɗauka daga aiki, da raguwar sa'o'in aiki a mako. Dukansu biyu kuma suna bayyana ne bayan haihuwa. Matan da ba su da 'ya'ya sa'o'insu sun yi kusa da na maza. Masu 'ya'ya sun gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne girman hukuncin. Hutun ba mai tsawo ba ne, ragin sa'o'in ma ba mai yawa ba ne, amma asarar da suke jawowa ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. A wani binciken, Goldin da Katz sun kwatanta waɗanda suka ɗauki hutu mai tsawo iri ɗaya a sana'o'i daban-daban, suka tarar asarar mai MBA ta ninka ta likita fiye da sau biyu.

Goldin, wadda ta karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bayyana dalilin. Akwai ayyuka masu haɗama, irin na bankunan zuba jari da kamfanonin ba da shawara, inda wanda ya yi sa'a 70 a mako yake samun fiye da ninkin wanda ya yi 35, domin abokin hulɗa shi yake so ya gani, ko da tsakar dare, ko ranar hutu. A gida mai yara ba zai yiwu mata da miji su duka su zama haka ba. Dole ɗaya ya zama wanda makarantar yara za ta kira in yaro ya kamu da zazzaɓi, kuma kun san wanda ake kira. Ta kuma nuna cewa wannan ba ƙaddarar sana'a ba ce. Aikin haɗa magunguna a Amurka a da na maza ne masu shagon kansu, ba dare ba rana. Da tsarin ya sauya, aka sa bayanan marasa lafiya a kwamfuta, ya zama wannan ma'aikaci na iya karɓar wancan ba tare da an yi asarar komai ba, sai sana'ar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda tazarar albashin mace da namiji ta fi ƙanƙanta, kuma mata suka cika ta. Yarinyar da ke shekarar ƙarshe a jami'a tana ganin yayyenta. Tana ganin wadda ta zama likita ta haifi uku tana nan a bakin aikinta, tana ganin wadda ta shiga bankin zuba jari ta haifi ɗaya an wuce ta. In ta zaɓi likitanci, ni ban ga laifin hankalinta ba.

Yanzu mu shiga cikin ajin, wurin waɗanda suka ƙetare duk wannan suka zo.

A Harvard, rabin makin darasi yakan fito ne daga maganar da ɗalibi ya yi a aji. Shekara da shekaru mata suna shigowa da sakamako daidai da na maza, amma su gama a bayansu. A ajin 2009 mata sun kai kashi 36 na ɗalibai, amma kashi 11 kacal ne na waɗanda suka samu lambar girma mafi daraja, wadda ake ba kashi 5 na sama. Da Nitin Nohria ya zama shugaban makarantar a 2010, shi da abokan aikinsa irin su Frances Frei da Youngme Moon suka ƙi yarda cewa haka Allah ya yi abin. Suka sa masu rubuta duk abin da aka faɗa a aji, don kada malami ya dogara da tunaninsa wajen tuna wanda ya yi magana. Suka ba malamai hanyar duba ko suna kiran maza fiye da mata ba su sani ba. Har horo aka yi wa ɗalibai mata a kan yadda za su ɗaga hannu sosai ba rabi-rabi ba. Wasu ɗalibai maza sun yi ƙorafi, wasu matan ma abin bai yi musu daɗi ba. Amma zuwa ajin 2013, kason mata a cikin masu lambar girman nan ya kusa kashi 40. Ƙwaƙwalwar mata ba ta sauya a shekara huɗu ba. Ma'aunin ne aka gyara. A 2014 Nohria ya tsaya gaban tsofaffin ɗalibai mata ya ba su haƙuri a kan yadda makarantar ta riƙe su, ya kuma faɗi wani adadi mai nauyi: a cikin labaran kamfanonin da Harvard ke rubutawa, waɗanda makarantun duniya ke saye suna koyarwa da su, kashi 9 ne kawai mace ce shugabar da ke yanke hukunci. Ya yi alƙawarin kai shi kashi 20. Ku auna ɗalibar da za ta karanta ɗaruruwan labarai a shekara biyu, a ce mata ki sa kanki a matsayin shugaba, kuma tara cikin goma shugaban namiji ne.

Akwai wani bincike da nake so ɗalibanmu mata su saurara da kyau, domin na san zai yi musu kama da wani abu da suka sani. A 2017 Leonardo Bursztyn da Thomas Fujiwara da Amanda Pallais suka wallafa gwajin da suka yi a wata babbar makarantar MBA. An raba wa sababbin ɗalibai takardar tambayoyi daga ofishin da ke sama musu aiki: albashi nawa kake so, kwana nawa za ka iya tafiye-tafiye a wata, sa'a nawa za ka iya aiki. Wasu an gaya musu cewa jami'in ofis ne kaɗai zai ga amsarsu da sunansu, wasu an gaya musu za a tattauna ta a gaban 'yan ajinsu. Maza ba su sauya amsa ba. Matan aure da masu tsayayyen manemi ba su sauya ba. Amma 'yan matan da ba su da kowa, da suka san samarin ajin za su gani, sai suka rage albashin da suke nema da kusan dala 18,000 a shekara, suka rage kwanakin tafiya da kusan bakwai a wata, suka rage sa'o'in aiki. A ɓoye burinsu daidai yake da na sauran matan. Masu binciken sun kuma ga cewa a jarrabawar rubutu 'yan mata da matan aure kunnen doki suke yi, amma a makin magana a aji, wanda kowa ke gani, 'yan matan ne a baya. Waɗannan fa mata ne da suka ci jarrabawar shiga mai tsanani, suka ɗauki bashi mai nauyi, a ƙasar da ake ce mana mace ta gama samun 'yanci. Duk da haka suna rage hasken fitilarsu don kada a ce sun fi ƙarfin aure. Wannan abu yana ci mini rai, domin asara ce da ba ta bayyana a kowane littafin lissafi, kuma ba dokar makaranta ce ta jawo ta ba. Mu ne, da irin abin da muke yabawa da abin da muke kushewa a jikin 'ya mace.

Bincike na ƙarshe da zan kawo daga can na Robin Ely ne da Pamela Stone da Colleen Ammerman, wanda ya fito a 2014, bayan sun tambayi tsofaffin ɗaliban Harvard fiye da 25,000. Zancen da ake yi cewa matan nan ajiye aiki suke yi su koma gida bai tabbata ba. Kusan kashi 11 ne kawai suka bar aiki gaba ɗaya don renon yara. Abin da ya fito fili shi ne saɓanin tsammani. Mafi yawan mazan sun bar makaranta da tunanin aikinsu ne zai zo gaba da na matansu, kuma haka ya kasance. Mafi yawan matan sun bar makaranta da tunanin za a yi raba-daidai, kuma da yawansu ba su samu haka ba. A aji ɗaya suka zauna, amma lissafin gida biyu suka fita da shi.

To, mu ina muka tsaya? Mun ɗauko digirin da sharuɗɗansa. Makarantar Kasuwanci ta Legas ta fara a 1991, Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana ba da MBA, haka jami'o'i da dama. A wurinmu akan nemi digirin farko, da shaidar kammala bautar ƙasa, a wurare da yawa kuma da wasu shekaru na aiki. Galibin azuzuwan da yamma ake yinsu bayan an tashi daga ofis, ko ranakun Asabar da Lahadi. An tsara haka ne don sauƙaƙa wa ma'aikaci, kuma ya sauƙaƙa masa. Amma wace ce ke da yammacinta a hannunta? Ma'aikaciyar banki da ta tashi aiki ƙarfe biyar ko shida, girki na jiranta, yara na jiran a duba musu aikin makaranta, ga surukai, ga ajin da ba zai tashi ba sai bayan isha'i, ga hanya da halin tsaron da muke ciki. Asabar kuwa ranar biki ce da suna da gaisuwar rasuwa, kuma in namiji bai je ba a ce aiki ya riƙe shi, in mace ba ta je ba a ce ta yanke zumunci. Agogonmu ma ya fi na Amurka gudu: binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna rabin mata sun yi aure kafin su wuce shekara 19 da 'yan watanni, a Arewa maso Yamma kuma ƙasa da haka sosai. Ko wadda ta yi sa'ar kaiwa jami'a, sau da yawa da goyo take karɓar digirin farko. In aka ce mata ta dawo bayan shekara uku ko biyar, an tura ta ne tsakiyar shekarun da hannunta ya fi cika.

Na san abin da wasu ke rayawa: Hajiyar da ke sarin atamfa da leshi daga Kantin Kwari, tana juya miliyoyi daga cikin ɗakinta, wace MBA ta yi? Tambaya ce mai kyau. Mace Bahaushiya ba baƙuwar kasuwanci ba ce. Tun a 1969 Polly Hill ta rubuta a kan irin cinikin hatsi da abinci da mata ke yi daga cikin gidaje a ƙasar Katsina, cinikin da idon baƙo ba ya gani. Adashe kuwa banki ne da mata suka gina da amana tun kafin a kawo mana banki. Addininmu ya tabbatar wa mace dukiyarta, kuma Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, mai jari ce da ke ɗaukar maza aiki tana tura su fatauci Sham. Ko a Yammacin duniya akwai masana irin su Henry Mintzberg da ke ganin aji ba ya ƙera manaja. A Togo ma, wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna horon da ke koya wa ƙananan 'yan kasuwa himma da neman mafita da kansu ya ƙara musu riba da kusan kashi 30, ya fi horon lissafi da talla na gargajiya amfani. Saboda haka ba na cewa kowace 'yar kasuwa sai ta yi MBA.

Amma ku bi Hajiyar nan ranar da ta so ta tashi daga sari ta kafa masaƙa. Za ta je banki. Wanda zai karanta takardunta, da kwamitin da zai ce a ba ta ko a hana ta, da waɗanda suka tsara cewa sai mai takardar fili ne zai samu bashi, a ƙasar da filaye galibi da sunan maza suke, yawancinsu ta wannan ƙofa ta karatun kasuwanci suka bi suka hau kujerunsu. MBA ba ta cika koya wa mutum juya kuɗinsa ba. Takardar izini ce ta juya kuɗin jama'a, da shiga cikin waɗanda ake kira in kujera ta faɗi. Rahoton Bankin Duniya na 2019 ya nuna ribar kasuwancin mata a Afirka kudu da Sahara ta gaza ta maza da kusan kashi 34, kuma ƙarancin jari na cikin manyan dalilai. Ɗakin da ake raba jari in babu wadda ta san yadda ake kasuwanci daga cikin gida, ba za a taɓa tsara bashin da ya dace da shi ba.

Kuma mun ga abin da niyya ke yi. A 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka sa wa bankuna burin mata su riƙe kashi 30 na kujerun hukumar gudanarwa da kashi 40 na manyan muƙamai. Ba a cimma shi a kan lokaci ba, amma ya sa bankuna sun fara renon mata don shugabanci. An naɗa Ibukun Awosika shugabar hukumar First Bank a 2015, Halima Buba ta karɓi ragamar SunTrust a 2020, Nneka Onyeali-Ikpe ta Fidelity da Miriam Olusanya ta GTBank a 2021, Adaora Umeoji ta Zenith a 2024. Ku sake sauraron sunayen, ku ƙirga na yankinmu a ciki.

Wani zai ce, in mace ta zaɓi gidanta fa? Ina girmama wannan zaɓi har zuciyata, kuma renon yara aiki ne da babu digirin da ya kai shi daraja. Damuwata ita ce wadda take son duka biyun, kuma za ta iya, amma aka sa farashin ya yi tsadar da ba dole ba. Jadawalin darasi ba wahayi ba ne; a ɗakin taro aka zauna aka tsara shi, kuma da yawa daga cikin masu tsara shi suna zaune a gabana yanzu.

Su can sun fara taɓa agogon. Yale ta daɗe tana ɗaukar wasu ɗalibai kai tsaye daga digirin farko. Harvard ta ɓullo da tsarin da ɗalibin shekarar ƙarshe zai nemi gurbi tun yana jami'a, a ajiye masa, ya je ya yi aikin aƙalla shekara biyu ya dawo. Yarinyar da ta san kujerarta na jiranta, da wannan sanin za ta zauna maganar aure, kuma mai nemanta ya san da shi tun ran gini. Ban ga abin da zai hana mu yin haka ga 'yan matan da suka fi fice a sassan akanta da tattalin arziki da injiniya da aikin gona ba. Haka nan ma'anar ƙwarewar aiki tana bukatar a sake duba ta. Matar da ta shekara shida tana tafiyar da gidan burodi da ma'aikata goma ta san abin da ƙaramin jami'in ma'aikata bai sani ba, amma fom ɗinmu wasiƙar ɗaukar aiki yake tambaya. A karɓi rajistar kasuwancinta da littafin cinikinta a matsayin shaida. A buɗe rukunin safe, bayan an kai yara makaranta. A rubuta a dokar makaranta cewa wadda ta haihu tana da damar ɗage zango ta dawo inda ta tsaya ba tare da sabon biya ba, don kada abin ya dogara da tausayin shugaban sashe. A ware ɗaki ɗaya mai tsafta da mai reno kusa da azuzuwa. Kuɗinsa bai kai na gyaran motar ofis ba. Karatu daga nesa, irin na Jami'ar NOUN da cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello, ya buɗe wa mata da yawa hanya, sai dai a haɗa shi da haɗuwa ido da ido lokaci zuwa lokaci, domin rabin amfanin MBA mutanen da ka sani ne a cikinta.

Mu malamai kuma namu aikin ya fi kusa. Mu rubuta labaran kamfanonin matan da ke garuruwanmu, masu sarrafa shinkafa da man gyaɗa da masu makarantu da asibitoci, mu koyar da su da irin muhimmancin da muke ba labarin Toyota. Mu riƙa lura da wanda muke kira a aji da wanda muke katsewa. Shugabannin bankuna da kamfanoni da ke nan, ku duba jerin ma'aikatan da kuka biya wa kuɗin karatu a shekara biyar da suka wuce, ku ga mata nawa ne, sannan ku tambayi wanda ya tsara jerin ko ya taɓa tuntuɓar matan ko kuwa shi ya yanke musu hukuncin cewa ba za su iya ba saboda yara. Ɗalibaina maza, ku ne mazajen da binciken Ely ke magana a kansu. Tun kafin a kai kuɗin gaisuwa ku zauna ku yi maganar karatunta da aikinta a fili, kuma abin da kuka ɗauka ku cika.

Roƙona na musamman ga shugabannin makarantun kasuwancinmu shi ne a fara da ƙirga. Kowace shekara a fitar da adadin matan da suka nemi gurbi, da waɗanda aka ɗauka, da waɗanda suka biya suka fara, da waɗanda suka tsaya a hanya da zangon da suka tsaya, da waɗanda suka gama da sakamakonsu. A manna shi a allon sanarwa, a kai shi gaban majalisar jami'a. Duk bayanan suna nan a ofishin rajista, aikin mako guda ne ga ma'aikaci ɗaya, kuma ina fatan shugaban taro zai sa a gabatar da na wannan jami'a a zaman majalisa mai zuwa.